Wa ya isa ya ce ya isa?

Inna ce ta fara lura, kuma a kan tabarmar salla ta lura. Autanmu ya idar da magariba a tsakar gida, sai ta ga ya miƙe ƙafar dama gefe wajen zaman tahiya, kamar tsohon da sanyi ya kama. Ta bari ya shafa addu'a, sannan ta ce, "Kai, mi ya samu ƙahwarka?" Ya ce, "Ba komi, Inna." Ta dube ni, na dube ta. Kwana uku ke nan da dawowata daga Yamai hutun ƙarshen shekara, kuma a kwana ukun nan sau biyu na je kallonsa a fili, na yi ihu har muryata ta dushe, ban ga komai ba. Wadda ba ta taɓa taka filin ƙwallo ba ita ta gani.

Shekararsa goma sha huɗu a lokacin, yana kwalej, saura shekara guda ya zauna jarrabawar BEPC. Duk wanda ya zauna a Zariya ta Maraɗi ya san irin yaran nan: siriri, dogo, ya yi tsawo farat ɗaya har wandon lakkwal ya koma masa ɗangalalle, amma in ya ɗauki ƙwallo a gefen dama sai ka ji masu shayi sun bar buta a kan gawayi sun miƙe. Yana buga wa ƙungiyar makarantarsu. Yana buga wa ƙungiyar unguwa. Kuma tun da sunansa ya fita, in gasar hutu ta kankama, wani mai ƙungiya yakan ɗauko shi a bayan moto ya kai shi Tibiri ko Jiratawa ya buga wa waɗanda suka nemi ƙarin ƙarfi. Jika biyu kowane wasa, in an ci a ƙara masa guda.

A daren nan na sa shi gaba da takarda da biro, na ce ya lissafa mini wasannin makon da ya wuce. Asabar da la'asar, na unguwa. Lahadi da safe Tibiri, Lahadi da yamma wata gasar fadoji a bayan gidanmu. Talata Jiratawa. Laraba ya ce atisaye ne kawai, da na matsa sai ya zama wasan sada zumunta na minti tamanin. Juma'a bayan an sauko masallaci, wani kuma. Shida cikin kwana bakwai, a kan ƙasa mai tauri da tsakuwa. Na ce masa ko a gasar cin kofin duniya, inda manya ke da likitoci da masu tausa da masu dafa musu abinci, ba a sa ƙungiya ta buga wasa biyu a rana ɗaya, ko a kwana biyu a jere. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, su ai biyansu ake ko sun kwanta."

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne tun cikin watan Mayu, ina can ban sani ba. Mushen da ke koya musu wasanni ya ga yana ɗingishi bayan atisaye, ya taɓa ƙasan gwiwar, yaro ya zabura. Sai ya ce masa mako biyu ba zai taɓa ƙwallo ba, ko wasan da za su yi da wata makaranta ba zai shiga ba. Auta ya yi fushi, har ya ƙi gaida shi. To ku ji yadda hutun ya kasance. Da yake yanzu yammacinsa ya zama nasa, ba atisayen makaranta, sai mai ƙungiya ya samu sarari. A cikin mako biyun da aka ware don gwiwa ta huta, wasa huɗu ya buga a waje. Da ya koma, mushe ya tambaye shi ko ya huta, ya ce ya huta. Ta wata fuska ma bai yi ƙarya ba: ya huta wa makaranta.

Tun daga nan tambayar ta kama ni, kuma ita ce na kawo muku a wanga ɗan littafi namu. Yaro yana da gwiwa ɗaya tak a dama, manya uku ko huɗu suna cin moriyarta, kowa yana lissafin rabonsa shi kaɗai. Mushe ya san wasa ɗaya a mako. Mai ƙungiyar unguwa ya san biyu. Na Tibiri ya san nasa guda, kuma in ka tambaye shi zai rantse bai wahalar da yaro ba, gaskiyarsa kuwa. Jimillar ba ta rubuce a littafin kowa, sai a ƙashin yaron. Wa ke da alhakin haɗa lissafin, kuma in an haɗa, wa zai buɗe baki ya ce a tsaya nan?

Ni ɗalibin ilimin harshe ne, ku yi mini haƙuri, ba na iya wuce kalma ban juya ta ba. Ku dubi “isa”. Matafiyi ya isa gida. Tuwo ya isa, an ƙoshi. Yarinya ta isa aure. Sarki isasshe ne. In ana faɗa wani ya ce maka “ba ka isa ba”, ya gama zaginka. In uwa ta gaji da hayaniyar yara ta ce “ya isa!”, kowa ya kama kansa. Kalma ɗaya ce ta ɗauki kaiwa ga iyaka da kuma iko. Hausa ta riga ta gaya mana cewa ba kowa ke furta “ya isa” ba, sai wanda ya isa. Yaro ɗan shekara goma sha huɗu, a gaban mutumin da ya saya masa takalmin ƙwallo na farko a rayuwarsa, bai isa ya ce ya isa ba. In ma ya ce, kalmar za ta fito da wata ma'ana: ana iya ji kamar yana nuna isa, wato ya fara girman kai tun bai kai ko'ina ba.

Ga kuma gaisuwarmu. “Ina gajiya?” Amsa ɗaya ce: “Ba gajiya.” Ko ka ce ta bi lafiya. Mutum ya sauko daga mota bayan tafiyar yini guda daga Yamai, ƙafafunsa sun kumbura, a tambaye shi, ya ce ba gajiya. Marar lafiya yana kwance ana ƙara masa ruwa, a ce ya jiki, ya ce da sauƙi. A aji an koya mana cewa Malinowski, tun 1923, ya yi bayanin irin wannan magana da ba labari take ɗauke da shi ba, zumunci take ƙullawa. Na yarda, kuma ina son gaisuwarmu yadda take. Ba na fatan ranar da zan ce wa tsoho ina kwana ya tsaya yana lissafa mini gaɓoɓin da ke masa ciwo. Amma matsala tana zuwa ne in muka ɗauki tambayar gaisuwa muka mai da ita ma'aunin lafiya. Mai ƙungiya ya ce mini, da zuciya ɗaya, “Wallahi kullum sai na tambaye shi, shi ka cewa ba komi.” To me zai ce? Tun yana goye aka koya masa amsar. Tambayar da amsarta ɗaya ce ba ta auna komai.

Mun kai shi asibiti. Likitan ya danna wani ƙullutu da ya fito a saman ƙashin ƙauri, ƙasa kaɗan da ƙoƙon gwiwa, Auta ya ciji leɓe. Ya yi mana bayani a takarda: jijiyar da ta sauko daga ƙoƙon gwiwa a nan take kama ƙashi, kuma a jikin yaron da ke tsakiyar girma wurin bai gama ƙwari ba, guringuntsi ne. Duk gudu, duk tsalle, duk harbi, tsokar cinya tana fizgar wurin. In fizgar ta yi yawa ba hutu, sai ya kumbura, ya yi ciwo, durƙuso ya gagara. Sunan abin Osgood-Schlatter, daga likitoci biyu, ɗaya a Amurka ɗaya a Suwizalan, da kowannensu ya bayyana shi a 1903. Don kada in ƙara wa labari gishiri: likita ya ce yawanci yakan lafa in girma ya tsaya, ba gurgunta yake yi ba, sai dai ƙullutun kan zauna. Maganinsa rage wasa, hutu na gaske, da miƙe tsoka. Inna ta so a kira maɗori, aka ce mata babu karaya.

Abin da ya tayar mini da hankali ya fi ƙullutun. Da ina neman katin asibitinsa a cikin jakar takalma, sai na ci karo da ƙwayoyi a ƙunshin leda, babu kwali babu suna. Ya ce wani ne cikin manyan ƴan wasa ke ba su kafin a shiga fili, in ka sha ba ka jin ƙafar sai dare. Ban san ko tramol ne ko wani abu ba, kuma duk wanda ya taso a garin nan ya san inda hanyar tramol ke kai matasa. Muna cewa jiki magayi. Yaro ba shi da bakin faɗa, jikinsa ne kaɗai ya rage mai gaya masa gaskiya, sai aka samo ƙwayar da ke toshe wa jikin baki shi ma.

A darasin Ingilishi an taɓa ba mu wani rubutu kan wasan da ban taɓa gani da idona ba, na karanta don in ci jarrabawa na manta. A makon nan ya dawo mini. A Amurka akwai wasan besbol, inda mutum ɗaya ke tsayawa a tsakiya yana jifa da ƙaramar ƙwallo mai tauri da iyakar ƙarfinsa, wani yana ƙoƙarin maka mata sanda. Duk nauyin wasan a kafaɗa da gwiwar hannun mai jifan yake. Hannaye sun lalace da yawa, har akwai tiyatar gyaran jijiyar gwiwar hannu da ake kira da sunan ɗan wasan da aka fara yi wa, Tommy John, a 1974. Daga baya aka wayi gari ana yi wa yaran sakandare ita. Sai suka koma ƙidaya. Ƙungiyar yara ta Little League ta kafa doka a 2007: ana ƙirga kowane jifa. Ɗan shekara 11 zuwa 12 ba ya wuce 85 a rana, ɗan 13 zuwa 16 ba ya wuce 95. A dokarsu, yaron da bai haura shekara 14 ba in ya yi jifa 66 ko fiye, sai ya huta kwana huɗu kafin ya sake jifa. Daga 2017 kuma aka wajabta wa kowace jiha ta kafa irin wannan ƙidaya a gasar makarantun sakandare ta besbol.

Ina son wannan doka saboda abu ɗaya. Ta cire maganar daga bakin yaro. Ba a tambayarsa ina gajiya. Wani yana zaune da takarda, in lamba ta cika sai a karɓi ƙwallo daga hannunsa, ko ana gab da cin kofi, ko yana kuka. Ya fita fili ba a matsayin rago ba, ba wanda zai ce ya ji tsoro, lamba ce ta cika. Wato sun ƙirƙiri wani isasshe da ba ya jin kunya, ba ya son kofi, ba a saya masa takalmi ba.

Amma rubutun bai tsaya nan ba, kuma sauransa ne ya yi kama da gidanmu. Ƴan mata a can sun fi buga wani ɗan'uwan wasan, sofbol. Mai jifa tana juya hannu kamar farfela ta saki ƙwallon ta ƙasa. Shekara da shekaru ana cewa wannan jifa daidai yake da halittar hannu, ba ya cutarwa, don haka dokar ƙidayar da aka wajabta wa samari a makarantu ba a wajabta irinta a wasan ƴan mata ba. Masu auna motsin jiki sun nuna cewa kafaɗa da dantse suna shan fizga mai tsanani a jifan, amma tsohuwar magana tana da wuyar mutuwa. Sannan yarinya tana da gida biyu: ƙungiyar makaranta, mai lokacinta a shekara da ƴan ƙa'idojinta, da ƙungiyar yawo, wadda iyaye ke biya, ana bin gari gari a ƙarshen mako. A irin waɗannan gasa ƙungiya takan buga wasa da yawa cikin kwana biyu, kuma in yarinya ɗaya ce gwanar jifa, ita za a yi ta turawa. A can ne kuma masu neman ƴan wasa don jami'o'i suka fi zuwa kallo, saboda haka ba mai son a ce ƴarsa ta zauna a benci. Ko a wasan samari, ƙidayar makaranta ba ta bin yaro zuwa ƙungiyar yawo. Da na kai nan sai na ga mushenmu da mako biyunsa, na ga moto yana tahowa daga Tibiri.

Maganar “daidai da halitta” ma muna da tamu. Da na je wurin mai ƙungiyar unguwa, a fadarsu, ya karɓe ni da mutunci, ya zuba mini shayi na farko. Ya ce, “Ɗan lakkwal, mu da muka tashi muna noma tun asuba, mu dawo mu yi kokawa da dare, wa ya ƙirga muna? Jikinmu ya saba. Icce tun shina ɗanye aka tanƙwara shi.” Na yi shiru don ya girme ni. A hanya na yi ta amsa masa a zuci, irin amsar da ba ta zuwa sai an tashi. Icen da aka tanƙwara yana ɗanye ai a tanƙware yake bushewa. Kokawa kuma da ya ambata tana da lokacinta. Wasan kaka ne, bayan hatsi ya shiga rumbu. Da hadari ya haɗo kowa ya koma gona, fage ya yi ciyawa. Yakuba Kantu, wanda ya kawo wa Maraɗi takobin farko a Tawa a 1975, wanda fagen kokawar garin nan ke ɗauke da sunansa, cikin irin wannan tsari ya taso. Ita kanta karawar, da zarar an kai mutum ƙasa ta ƙare, ba a ce ya tashi ya cika minti casa'in. Ƙwallon yaranmu ba ta da kaka ba ta da damina. Daga Oktoba zuwa Yuni makaranta da unguwa, daga Yuli zuwa Satumba gasar hutu, sai a sake daga farko.

A Jiratawa akwai ƙanen Inna mai shanun huɗa. Ba ya bari su wuce hantsi a gona, ko da saura kunya biyar a gama. In wani ya zo aro, sai ya haɗa shi da ɗansa ya bi su, domin ya san mai aro ba ya ganin baɗi, gonarsa ta yau kawai yake gani. Ba mugunta ba ce, haka aro yake. Auta ɗan aro ne a Tibiri, ɗan aro ne a Jiratawa, kuma ba a haɗa shi da kowa ya bi shi ba. Mushe ya ɗan fi su hangen nesa saboda shekara huɗu yake tare da yaro, zai gan shi a aji ranar Litinin yana jan ƙafa. Kada dai in mai da shi waliyyi: shi ma kofin makarantu yake so, kuma na ji daga bakin Auta cewa da wasan ƙarshe ne aka zo, ba lallai ya ajiye shi ba. Makarantar kuma ba ta taɓa ba shi ko safa ba. Mai ƙungiya ne ya saya masa takalmi, shi ne ya biya kuɗin magani lokacin da zazzaɓi ya kwantar da Inna. Wanda ya fi cin gwiwar shi ne wanda ya fi taimakon gidan, kuma wannan ne ya sa ban iya tsanarsa ba.

Na gwada wannan tunani a kan abokaina a ɗakin kwana, kuma biyu daga cikinsu sun ba ni wuya. Na farko ya ce mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Gwiwar ta yaro ce, mafarkin nasa ne, wa ya naɗa ni? Auta yana da hoton Musa Maazu a bangon ɗaki, ya san cewa a 2009 ya tafi CSKA ta Mosko, ya san Mena ta je gasar cin kofin Afirka karon farko a 2012. Shekarun da ake ganin yaro a ɗauke shi ƴan kaɗan ne, in ya zauna a benci wani za a gani. Amsata ita ce mai ɗakin nan bai gama gina ɗakin ba. Wanda zai zauna cikinsa yana ɗan shekara talatin bai zo ba tukuna, ba a kuma nemi shawararsa ba. Ɗan sha huɗu yana iya sayar da abin da na ɗan talatin ne a kan jika biyu, ya ga ya ci riba. Ban ce a hana shi wasa ba. Na ce wani ya tsaya a madadin wancan da bai iso ba.

Na biyun ya fi zafi, har yau ban gama da shi ba. Ya ce, “Kai dai ɗan boko ne. Yara nawa sa'anninsa ke tura kurar ruwa a Zariya tun safe har dare? Nawa ke dakon bulo, nawa ke bin manyan motoci? Wa ya ƙirga musu? Sai abu ɗaya da yaro ke so, ake tafa masa, ake biyansa, shi za ka sa wa lamba?” Gaskiya ce mai ɗaci. Abin da na iya cewa kawai shi ne rashin ƙirga wa mai kura laifinmu ne, ba hujja ba ce ta a bar na fili shi ma. Akwai kuma bambanci guda: mai kura in ya gaji yana iya zama a inuwa, ba wanda ke kallonsa. Na fili mutum ɗari biyar ne ke kiran sunansa, ana zuga shi ya ci gaba daidai lokacin da ya kamata ya tsaya. Abokina bai gamsu ba, ni ma rabi na gamsu.

Saura abin da na yi ta kewayewa tun farkon rubutun nan. Babanmu ya rasu ina aji na ƙarshe a lise. Ni ne babba namiji. In akwai wanda ya isa a gidan nan, a idon unguwa da na dangi, ni ne. Kuma a cikin shekarar nan sau biyu kuɗi suka yanke mini a Yamai, sau biyu Auta ya aiko mini, jika biyar da farko, daga baya jika bakwai. Na yi kuɗin hoton takardu da su, na ci abinci. Na kira shi na sa masa albarka, har na ce masa babban mutum. Ban tambaya wasa nawa ne jika bakwai ba, alhali lissafin bai fi ƙarfin ɗan aji uku ba. Na karanta rubutun ƴan matan Amurka a kan takardar da, wataƙila, gwiwarsa ce ta biya kuɗin hotonta. Lokacin da nake zaune a fadar mai ƙungiya ina shirya masa wa'azi a zuci, da ya sani, da kalma ɗaya ta ishe shi ya rufe mini baki. Manyan da ke cin moriyar gwiwar ashe ba uku ba ne.

Wannan ya sa na daina ganin abin kamar rigima tsakanin makaranta mai hankali da ƙungiya marar imani. Duk wanda ya isa ya tsayar da yaro yana da wani abu da zai rasa in ya tsayar da shi: kofi, ko suna, ko kuɗin cefane, ko kuɗin hoto. Shi ya sa nake ganin ba a bar abin ga kirkin mutum a ranar wasa, lokacin da ganga ke tashi. A yanke lamba tun ana cikin sanyin rai, a gaban kowa, kuma lambar ta bi yaron duk inda ya je. Na san lamba ba ta san jiki ba. Wani yaron wasa uku ba ya masa komai, wani ɗaya ma ya yi masa yawa. Na san kuma ba mu da hukumar da za ta bi moto zuwa Tibiri da takarda. Amma ko kuskuren lamba ya fi mini “ba komi”.

Kafin in koma Yamai na tara su a tsakar gida, Inna da Auta da ƙanwarmu mai bi mini. Na fara da gaya wa Auta cewa kada ya sake aiko mini da ko dala, na kuma ba shi haƙuri, abin da ya sa ya sunkuyar da kai kamar ni na kama shi da laifi. Na zuba ƙwayoyin a masai yana kallo. Muka yi yarjejeniya: wata guda ba wasa kamar yadda likita ya ce, bayan nan biyu a mako, ko na wane ne, kuma ba biyu a jere ba. Na je na gaya wa mushe, na gaya wa mai ƙungiya. Mushe ya ce madalla. Mai ƙungiya ya ce, “To, Allah shi ba shi lahiya,” da irin muryar da ban iya fassarawa ba duk da karatuna. Na sayi ƙaramin kaye na ba ƙanwata, don ita ba ta cin komai a ƙwallo kuma ba ta tsoron Auta, na ce duk ranar da ya fita da jakar takalma ta ja layi.

Jiya da dare na kira gida. Auta ne ya ɗauka. Na ce ina gajiya, kafin in ankara da abin da bakina ya faɗa, ya ce ba gajiya. Na ce ya ba ƙanwata. Ta ce layi uku ne wannan mako. Daga nesa na ji shi yana cewa biyu ne, na Tibiri ba ya cikin lissafi, ruwan sama ya tashi wasan tun ba a je hutun rabin lokaci ba. Ta ce ai da jakar ya fita. Inna ta karɓi wayar ta ce mai ƙungiya ya aiko da tiya biyu ta shinkafa ranar Laraba, tana tambayata ko ta mayar.